Anti Keke da Mujallar "Me Ya Sa?"

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana buga takardun jarrabawa a wata makarantar firamare, ba wanda ya san tana da wata baiwa ban da saurin yatsu. Ɗakinta ɗan ƙarami ne mai taga ɗaya, tsakanin ofishin hedimasta da ma'ajiyar alli. Daga safe zuwa azahar ba abin da ke fitowa daga ciki sai ƙarar keken rubutu, shi ya sa yara da malamai suka laƙaba mata Anti Keke, har maigidanta ma wani lokaci da shi yake tsokanarta.

Abin ya faro ne daga bakin 'yarta ta fari, yarinya mai shekara bakwai da ake kira Aku saboda surutu. Suna wanke-wanke wata rana allura ta suɓuce daga bakin zanin uwar ta faɗa cikin baho.

"Umma, me ya sa allura take nutsewa, amma jirgin ruwa da duk girmansa ba ya nutsewa?"

"Ikon Allah ne."

"To ai allurar ma ikon Allah ce."

Anti Keke ta kwana da tambayar a ranta. Washegari ta tare malamin kimiyya, wani dattijo da ake kira Malam Kwalba don kullum aljihunsa cike yake da 'yan kwalabe na gwaji. Ya gyara tsayuwa ya zuba mata bayani mai manyan kalmomi har ta fara jin jiri.

"Baba Malam, ni uwar 'ya'ya uku ban gane ba, ina ga mai shekara bakwai?"

Ya harare ta, ya ɗauko yumɓu ya dunƙule ya jefa a bokiti, ya nutse. Ya ciro shi ya fafe shi kamar ƙwarya ya ɗora, sai ga shi yana yawo a saman ruwa.

"Yawwa! To haka za ka rubuta mini."

Ya kawo shafi biyu. Ta zauna a kan keke ta mai da su layi goma. Da ya karanta sai ya dafe ƙirji.

"'Yar nan, kin yi wa ilimi aski."

"Aski ba ya kisa, Baba Malam, iska yake sa kai ya sha."

Aku ta kai takardar ajinsu, kafin a tashi ta yi laushi kamar tsumma don yawan hannu. A nan Anti Keke ta ga abin da za a yi: mujallar yara. Ta je ta sami ƙanenta, autansu, wanda sana'arsa rubuta allunan shaguna da zane a bayan manyan motoci, ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya zo ya yi musu hotuna. Hedimasta ya yarda su yi amfani da injin gurza takarda ranar Asabar, muddin za su zo da takardarsu da tawadarsu.

Wajen suna aka yi ta ja. Malam Kwalba ya ce a kira ta Taskar Ilimin Kimiyya da Fasaha Don Amfanin Manyan Gobe.

Auta ya ce, "Baba Malam, kafin in gama zana wannan suna takarda ta ƙare."

Ita ce ta yanke magana, ta ce tun da tambaya ce ta haifi mujallar, a sa mata "Me Ya Sa?" Fitowa ta farko shafi huɗu ce, kofi sittin. Sati guda tawada ba ta bar faratanta ba.

Sai kuma shiru. Suka bi makarantu suna rabawa, wasu hedimastoci su karɓa da fara'a su jefa a durowa. Wata rana ta je sayen ƙusa, mai shago ya ƙunshe mata a cikin fitowa ta uku. A hanya sai da ta share ido da gefen mayafi. Malam Kwalba ya fara cewa wataƙila da iska suke magana.

A fitowa ta bakwai Auta ya zana gizo-gizo mai ƙafa shida. Ba wanda ya lura a cikinsu. Bayan kwana goma mai raba wasiƙu ya shigo ɗan ɗakin nan ya juye jaka a kan teburinta. Wasiƙu arba'in da uku, da fensir, a takardun da aka yago daga littafin rubutu, wasu daga makarantun da ba su taɓa takawa ba. Duk magana ɗaya: ƙafar gizo-gizo takwas ce. Wata yarinya har ta ce ta kama guda ta ƙirga sau uku.

Malam Kwalba ya yi ta huci, ya ce an zubar masa da mutunci, a rubuta cewa inji ne ya cinye ƙafa biyu. Auta ya sunkuyar da kai. Anti Keke kuwa dariya take har da riƙe ciki.

"Yaya, ni ina cikin kunya ke kina dariya?"

"Auta, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ashe ana karanta mu!"

Fitowa ta takwas ta zo da manyan baƙaƙe a shafin farko: KUN KAMA MU. A ƙasa ta jera sunayen yaran nan kaf. Daga ranar yara suka shiga farautar kuskure, ba layin da suke tsallakewa, kuma kowace wasiƙa sai ta zo da sabuwar tambaya a gindinta. Me ya sa albasa take sa hawaye? Ina rana take kwana? Hedimastocin da ke ɓoye mujalla a durowa suka koma aiko da saƙo a ƙara musu. Injin gurza ya gaza, suka koma maɗaba'a ta sosai, shafi ya zama goma sha biyu, daga baya aka sa launi. A shekara ta shida ta ajiye aikin makaranta, ta kama shago tsakanin wani tela da mai gyaran agogo, Auta ya rubuta allon da hannunsa.

Malam Kwalba ya rasu mujalla tana da shekara goma sha tara. Iyalinsa suka kawo mata akwati cike da littattafan rubutu, duk amsoshin tambayoyin da ba a kai ga bugawa ba. Kowace amsa bai bari ta wuce layi goma ba. Shekara huɗu ana buga su.

Tana gab da cika sittin wata malama daga makarantar makafi ta yi sallama a shagon. Ta ce ɗalibanta suna son mujallar, amma sun gaji da jiran a karanta musu, kuma ba su san abin da ake dariya a kai ba idan an zo wajen hoto. Rubutun bai ba da wuya ba, makarantar tana da injin da ke huda takarda yadda za a shafa da yatsa. Hoton ne ya tsaya musu. Auta, wanda furfura ta riga ta cinye masa gemu, ya yi wata biyu yana gwaji, ya gwada kakin zuma ya narke, ya gwada yashi ya zube. A ƙarshe ya bi layin zanen da zare mai kauri ya manne da gam.

Ranar da suka kai kofin farko, da hantsi, Anti Keke ta tsaya a bakin ƙofar ajin. Malamar ta ɗora shafin a gaban wata yarinya a layin farko. Raƙumin dawa ne. Yarinyar ta sa yatsa a kan kofato, ta hau ƙafa, ta zagaye ciki, ta kama wuya ta yi sama. Ta yi ta tafiya. Can ta tsaya, ta ɗaga kai.

"Malama, wai har yanzu wuyan ne?"

Aji ya kaure da dariya, kowa yana miƙa hannu yana cewa a ba shi ya ji. Auta ya juya yana goge fuska da hularsa. Anti Keke ta ja kujera ta zauna a tsakiyarsu, ta ce kowa ya yi haƙuri, layi zai zo kansa, wata mai zuwa kuma giwa za a kawo.