Mota a Kan Duwatsu

Hannuna ya karye ne a shekarar da ta biyo bayan babban ruwan da ya narkar da katangun unguwarmu ta Dar Salam kamar gishiri, kafin burodi ya ƙanƙance ya koma kamar tafin jariri, kafin kuma yaƙin nan da ya watsa mu. Mijina ya riga ya kwanta dama, autata tana goyon fari.

Ni mai kisra ce, wato wainar nan mai shara-shara da ake ci da miya. Ƙullun dawa mai tsami nake shimfiɗawa a faifan ƙarfe da ɗan ɓallen kaba, shara ɗaya, in ɗago ta. Tawa, in ka ɗaga ta sama, kana hango rana ta cikinta. Ba yabon kai ba ne, a tambayi makanikan unguwar Alshajara. Kullum bayan asuba nake toyawa, in ninke, in rufe da zane, in hau hafila, wato bas, in ƙetare gada zuwa wani gidan abinci da ke tsakanin garejojin Alshajara. Mai gidan Bahaushe ne, jikan alhazan da suka taho a ƙasa za su aikin hajji suka zauna a nan, kamar kakannina. Tun ba shi da gemu nake kai masa.

Santsin taɓo ne ya kwashe ni a ƙofar gida. Na dafa ƙasa da hannun dama, na ji ƙas. Maɗori ya ɗaure da karare, ya ce in manta da wuta sai abin da Allah ya yi.

Da hannun a rataye na tafi Alshajara, don kada a ji a bakin wani. Masu karin kumallo suka yi ta tambayar ina kisra. Sai ƙanen mai gidan, wani bakanike da ya taɓa aiki da Turawa ya tsinto yarensu, ya nuna ni da cokali ya faɗi wasu kalmomi. Bakina bai taɓa iya su ba. Aka kwashe da dariya.

Na ce, "Kai, mai baƙin farce, zagina kake da Turanci? Na san ka tun kana yawo ba wando."

Ya ce, "Wallahi ba zagi ba ne, Hajja. Dubi waccan." Ya nuna wata babbar mota da ke bayan gidan, an cire mata tayoyi an ɗora ta a kan duwatsu. "Haka Turawa ke ce wa mota in tana jiran kayan gyara. Ba ta aiki, ba ta kuma mutu ba. Har mutum suna faɗa wa, in ciwo ya kwantar da shi. Wadda ta mutu daban take, ita a sikeli ake sayar da ita."

"To ni ba ta sikeli ba ce."

"Ke? Injinki ya fi na duk motocin layin nan."

Mai gidan ya ce wata mata daga unguwar Alhilla Kuku za ta riƙa kawowa kafin in warke. "Wurinki na nan, Hajja. Aro ne kawai."

Na koma gida da maganar nan a ƙulle a bakin zane. Wallahi ita ta riƙe ni. Mata su shigo dubiya, su ce, "Hajja, ki huta haka nan, shekaru sun ja." In ce musu ni a kan duwatsu nake, kayan gyara nake jira. Zaman ne dai ya fi ciwon wuya. Asuba ta yi, idona ya buɗe, ba abin yi sai sauraren jakin mai ruwa. Autata ke ɗaura mini zane. Ni da na ciyar da layi guda na ƙarti, ga ni ana ɓare mini gyaɗa.

Da aka kwance kararen, hannun ya haɗu, amma wuyansa ya sandare. Kisra kuwa duk sirrinta a wuyan hannu yake. Na shara, ta fito gefe ɗaya kauri kamar gurasa, gefe ɗaya a yage. Na ce sabo ne ya gudu, zai dawo. Na ninke na kai. Mai gidan ya karɓa da hannu biyu, ya ce maraba da uwar gida. Haka na yi ta kaiwa har sanyi ya wuce, ina dawowa da hannu yana zogi har kafaɗa.

Wata rana na zaga baya in yi alwala. Ga motar nan inda take. Kujerunta sun tafi, gilashinta ya tafi, akuya ta haihu a ƙarƙashinta. A gaban akuyar ga kwano, a cikin kwanon ga kisrata, da ninkina, ko warware ta ba a yi ba. Ta matar Alhilla Kuku ake ci a cikin gidan abincin.

Bakaniken ya zo wanke hannu ya same ni tsaye. Na ce, "Ɗana, wannan har yanzu kayan gyara take jira?"

Ya sunkuyar da kai. "Tana jira, Hajja."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in yi aure."

Ban yi wa kowa faɗa ba. Mutumin da ya gwammace ya ciyar da akuya da ya kunyata ni, me zan ce masa? Na yi alwalata, na yi salla, na ɗauki zanen rufina. Washegari na aiki autata ta gaya wa mai gidan aron ya ƙare, wurin ya zama na matar, amma a gaya mata ƙullunta na son ƙarin kwana. Ni na sauke kaina daga duwatsun, ban jira an kawo sikeli ba.

Mai gidan ya rasu a hanya lokacin gudun yaƙi, Allah ya ji ƙansa. Maɗorin ma ya tafi. Motar, an ce an yanka ta an kwashe, duwatsun kaɗai suka rage. Waɗanda ke da rai cikinmu su ne bakaniken, da aka ce yana gabas yana facin taya, da matar Alhilla Kuku, da autata, sai ni. Faifan ƙarfen yana wurin autata. Tata tana fitowa da ɗan kauri, ina gani, ina ci, ba na cewa komai.