Farin Yatsan Yaya

Jiya ƙamshin lalle ya tuna mini da Kaka. Duk jajiberin zaɓe takan yi wa matan gidanmu na Ƙofar Jatau ƙunshi, ta bar babban yatsa fari kada na'urar tantancewa ta ƙi shi.

Ni da shekaruna ba su kai ba, duka ta ƙunshe nawa. Ina ganin tana lallaɓa farin yatsan Yaya, na cika na yi fam.

"Kaka, ni ma bar mini!"

"Naki na tafe. Ni sai da na aurar da 'ya aka bar mace ta dangwala."

Nawa ya zo, ba ta nan. Har yau ina kishin yatsan Yaya. Allah ya ba ki littafinki a hannun dama, Kaka.