Tuulikki Haapasalo da Dokar Layi Arba'in

Haihuwa da karatu

An haifi Tuulikki Haapasalo a garin Kajaani na ƙasar Finland a shekarar 1951. Mahaifinta Veikko ma'aikacin masana'antar takarda ne, mahaifiyarta Aune kuwa tana aiki a ofishin tarho na garin. Ta kammala sakandare a 1970, sannan ta sami digirin injiniyan lantarki a Jami'ar Oulu a 1976.

Aure da aiki

A 1978 ta auri Reijo Karvonen, makanikin jirgin ƙasa, suka zauna a Tampere. A 1995 wata ƙungiya mai rubuta babbar manhajar kwamfuta kyauta ta ɗora mata alhakin sashen madannai, wato maɓallan buga rubutu, musamman a daƙiƙun farko bayan an kunna na'ura, lokacin da babu abin da ya farka sai gurbin kalmar sirri. Kuskure a wannan wuri yana hana kwamfuta tashi ɗungurungum, saboda haka ta kafa doka cewa duk gyaran da za a shigar cikin rubutun manhajar kada ya wuce layi arba'in. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, kuma ba da haƙuri ba ya cikin ɗabi'unta.

A 2004 wani malamin lissafi daga Bodø ta ƙasar Norway, Eskil Brattli, ya aiko da gyara mai layi ɗari da casa'in. Ya bayyana cewa hannunsa yana karkarwa, yatsansa yakan buga harafi ɗaya sau biyu, ita kuwa kalmar sirri ba ta bayyana a allo balle ya gani ya goge. Gyaran nasa yana sa kwamfuta ta yi watsi da bugu na biyu. Ta mayar masa da amsa cewa gyaran ya yi tsawo, ba ta ƙara komai ba.

Ritaya da rashin lafiya

Ta yi ritaya a 2012, ta miƙa sashen ga Ilkka Tervo, wanda ita ta horar da shi. A 2014 ciwon karkarwa ya kama hannunta na dama, daga bisani ya haɗa da na hagu, har ta kasa buɗe kwamfutarta. Kullum da safe sai Reijo ya buga mata kalmar sirrin, abin da ya fi shi kansa ciwon ƙona mata rai.

"Shekara ashirin kin hana ni taɓa abin nan," in ji shi, "yau ga ni na zama mai gadin ƙofa."

"Buga kawai, tsoho, kofi yana hucewa."

Ta tono gyaran Eskil daga tsofaffin wasiƙu, ta aika wa Ilkka yadda yake. Ya kira ta a waya ya ce, "Ke kika koya mini ƙirga, Tuulikki. Arba'in ne." Ba ta yi musu ba. Ta shafe wata goma sha huɗu tana rage shi da hannun da ba ya tsayawa, har ya koma layi talatin da tara, aka karɓa a watan Maris na 2016.

A makon ta rubuta wa Eskil wasiƙar neman gafara. 'Yarsa ce ta amsa. Ta ce ya rasu tun 2009, kuma a shekaru biyar na ƙarshen rayuwarsa ita ce take buɗe masa kwamfuta, yana zaune yana kallon taga.

Rasuwa

Tuulikki ta rasu a Tampere ranar 9 ga Oktoba, 2017, tana da shekara sittin da shida, aka binne ta a maƙabartar Kalevankangas. Ta bar mijinta Reijo, da 'ya'ya uku, Sini da Otso da Kerttu, da jikoki huɗu. Bisa wasiyyarta, Ilkka ya cire sunanta daga kan gyaran, ya bar na Eskil Brattli shi kaɗai.