Yafiyar da gwaggonsa kaɗai ta ji

Shekarun baya can, lokacin da nake ɗinki a wani ɗan shago a Fagge, ina da wani aboki Kirista mai gyaran keken ɗinki. Mutumin wani ƙauye ne ta wajen Zariya, yana zaune a ɗakin haya a Sabon Gari. Duk telolin layinmu shi suke kira idan keke ya fara tsallake zare ko karya allura. Ni kuwa ko kekena lafiyarsa ƙalau sai ya biyo ta wurina da rana, ya ajiye jakar kayan aikinsa, mu sayi shinkafa da wake mu ci a kwano ɗaya. Yana ce mini Malam don tsokana, ni kuma ina ce masa Injiniya.

A lokacin ne na fara zuwa karatun hadisi bayan La'asar wurin wani malami a Kwaciri. A can na fara jin yadda malaman zamanin da suke tantance labari. Wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun taɓa haɗuwa kuwa, mai riƙe magana ne ko mai mantuwa, akwai wani da ya ji irin abin da ya ji? Wata huɗu kacal na yi, amma wallahi kaina ya kumbura har hula ta kusa ƙin shiga. Ko matata ta ce maƙwabciya ta haihu sai na tambaye ta wa ya gaya mata. Har ta taɓa cewa in na ƙara, tuwo za ta ajiye mini ba miya, in tafi neman wanda ya ga an dafa.

To da wannan ɗan guntun karatun na tasa abokina a gaba. Wata rana muna cikin cin abinci na ce, "Injiniya, littattafan nan naku da suka kawo tarihin Annabi Isa, waɗanda suka rubuta su sun gani da idonsu?"

Bai ji haushi ba. Mutum ne mai karatu, mahaifinsa malamin makaranta ne kuma dattijo a cocin ƙauyensu. Ya ce wasu sun gani, wasu kuma sun zauna da waɗanda suka gani, suka ji daga bakinsu. Ya ce lokacin da aka rubuta akwai sauran mutanen zamanin a raye, da ƙarya ce da sun tashi sun ƙaryata. Na ce an ɗauki shekaru kafin a rubuta, kuma ina jerin sunayen waɗanda suka miƙa wa juna labarin? Ya ce mutanen nan an ɗaure su, an kashe wasu, ba su janye maganarsu ba. Na ce wannan ya nuna sun yarda da abin da suka faɗa, bai nuna ba su yi kuskure ba. Na kawo masa wuraren da na ji an ce labaran sun saɓa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, in shaidu suka zo gaban alƙali bakinsu ɗaya ba bambancin ko kalma, ai alƙalin ma cewa zai yi sun haɗa baki."

Mun fi wata biyu muna wannan kai da kawowa. Ba zagi, ba ɗaga murya, kullum da dariya muke rabuwa. Sai dai sauran teloli sun fara leƙowa suna saurare, kuma a nan matsalar take. Ni mutum ne da in akwai 'yan kallo ba na son a ce an kayar da ni.

Ran wata Laraba kekena ya samu matsala da gaske. Ya zo ya buɗe shi yana ɗiga mai, mutum uku suna zaune a benci, ni kuma na sake taso da zancen. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce bari ya ba ni misali da kansa, don in gane cewa mutum yana iya dogara da abin da bai gani ba.

Ya ce mahaifinsa ya so ya gaje shi a koyarwa, shi kuma ya bar karatun ya taho Kano koyon gyara. Ranar da zai taho tsohon ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in ya tafi kada ya ƙara kiransa uba. Shekara bakwai ba su yi magana ba. Da ciwon ajali ya kama mahaifin, saƙo bai iso shi da wuri ba, ya isa ƙauye an riga an binne. Gwaggonsa, ƙanwar mahaifin, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsa, ita ce a ɗakin lokacin da rai ya yi halinsa. Ita ta gaya masa cewa maganar ƙarshe da tsohon ya yi ita ce, a gaya wa yaron nan na yafe masa.

"Ban gani ba, ban ji ba," in ji shi. "Amma da maganar nan nake iya barci, Malam. Wannan ita ce shaida."

Mai hankali a nan zai ce Allah ya ji ƙan iyayenmu, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ni kuwa abin da na hango shi ne ƙofar nasara ta buɗe. Na gyara zama na ce, "Ita kaɗai ce a ɗakin?" Ya ce e. Na ce, "Babu wani da ya ji?" Ya ce babu. Na ce, "Kuma ita ta raine ka, ba ta son ganin hawayenka. Yaushe ta gaya maka, kana isowa ko bayan ta ga halin da ka shiga?" Ya ce sai a kwana na uku. Na buɗe hannu na dubi mutanen benci na ce, "To ka gani. Mutum ɗaya, mai ƙaunarka, bayan kwana uku. A karatunmu irin wannan labari sai an bincika."

Babu wanda ya yi dariya. Abokina ya rufe keken, ya ɗauki ƙyalle ya gwada ɗinkin, ya ce, "Kekenka ya yi." Ya rataya jakarsa ya fita, abincinmu yana nan a rufe ba a taɓa ba. Wani dattijon tela da ke cikin masu sauraro ya tashi yana karkaɗe riga ya ce, "Ɗan nan, ba ka kyauta ba." Na ce, "Baba, ai ilimi muke tattaunawa." Bai ko waiwayo ba.

Mako uku ban ga abokina ba. Na je ɗakinsa a Sabon Gari na tarar da kwaɗo, maƙwabta suka ce ya yi tafiya gida.

Da ya dawo ya shigo shagon da hantsi, ya rame, ya ƙi zama. Ya ce ya je ya sa gwaggo a gaba, ya yi mata irin tambayoyin da na yi masa, ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa ta yi ta kuka. Daga ƙarshe ta ce kwana biyu kafin rasuwar bakin mahaifinsa ya riga ya rufe, ba ya iya magana. Abin da ya faru shi ne ta ambaci sunan ɗan, sai tsohon ya matse hannunta, ya juya ido wajen ƙofa. Ta ce ita ta san ɗan'uwanta tun suna yara, ta san abin da yake nufi, shi ya sa ta faɗa da bakinta a madadinsa.

"Wataƙila yafiya ce," in ji abokina. "Wataƙila kuma cewa yake kada a bar ni in shigo. Ka ci gardama, Malam."

Na sauko daga kan keke, na riƙe hannunsa, na ce don girman Allah ya yafe mini. Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. Ya ce, "Na yafe maka. Da bakina na faɗa, da kunnenka ka ji. Ni ne dai ban samu haka ba."

Bayan nan ya ci gaba da gyara wa layinmu kekuna, muna gaisawa da mutunci, amma bai ƙara sa hannu a kwanona ba. Shekara ba ta zagayo ba ya koma Kaduna, daga nan labarinsa ya yanke mini.

Abin da ya fi damuna shi ne, kan littattafan da muka yi ta jayayya babu abin da ya canza. Shi yana nan kan addininsa, ni ina kan nawa, kuma har gobe ina ganin tambayar wa ya gani, wa ya ji, tambaya ce mai kyau a muhallinta. Da na ba malamina labarin, cewa ya yi an koya mini awon labari don in kiyaye harshena, ni kuma na ɗauka na je na auna zuciyar maraya a gaban jama'a. Na ji kunya ranar, kuma kunyar ba ta sake ni ba.

Yanzu ina da 'ya'ya, babban ma mun fara saɓawa kan sana'ar da zai bi, kuma duk ranar da na ji zafafan kalmomi sun taso mini sai in haɗiye su. Har yau ban san ko tsohon nan ya yafe wa ɗansa ba. Abokina ma bai sani ba. Amma kafin ya shigo shagona ranar Larabar nan, ya sani.