Neville Pascoe Ya Ajiye Makullin Tirela

Ƙarfe shida da rabi na safe, lokacin da sanyin Yuli, hunturun ƙasar nan, ya daskarar da raɓa a kan ciyawar garinmu Wangaratta, za ka ji ana jan ƙofar garejinmu. Ba sai ka leƙa ba, Neville Pascoe ne. Zai ɗora ruwan shayi, ya ɗauki tsumma ya zagaye tirela, ya bugi kowace taya da ƙafa, ya duba mai, ya goge madubin da ko ƙura babu a kansa. Sannan ya tsaya gaban jadawalin tsere da ke manne a jikin firij, ya soke rana ɗaya da biro. Shekara talatin da ɗaya yana wannan.

Direbobin tsere kowa ya san su. Su ake ɗauka a hoto, su ke ɗaga kofi. Ba wanda ke tambayar yadda motocinmu biyu suke isa Darwin daga nan, tafiyar kwana huɗu, ba ko ƙwarzane a jikinsu. Ni da na yi shekara goma sha tara ina haɗa wa ƙungiyar nan taya, na san wanda ke kai su. Shi nake wa jinjina yau, ko da yake na san idan ya karanta zai ce na cika surutu.

Wanda bai yi aikin nan ba yana ɗauka ranar tsere ce mai wuya. Ina! Jira ne. Masu tsara jadawali, Allah ya shirye su, sai su jera maka zangon tsere uku a cikin mako biyar har ka manta kamannin gadonka, sannan su sake ka mako tara ba ko ɗaya. Direbobin tsere su tafi bakin teku shan iska. Stavros, babban makanikenmu, ya kwance injin da lafiyarsa ƙalau ya sake ɗaurawa, don kawai hannunsa ya sami abin yi. Gareji ya yi tsit, har kana jin ɗigar famfo. Wallahi kewar ƙarar injin takan kama mutum kamar yunwa.

Amma duk cikinmu ba wanda jiran yake ci kamar Neville. Kowace Talata sai ya fitar da tirela ba komai a cikinta, ya kai ta Benalla, ya juyo. Ya ce babbar mota idan ta daɗe a tsaye lalacewa take yi, kuma gaskiyarsa ce. Sai dai matarsa Glenys tana da nata bayanin.

"Motar ce ke lalacewa ko kai?" ta ce masa a gabanmu, ranar da ta kawo mana biskit. "Ku dube shi fa. Da an shiga hutun nan, gangar jikinsa kawai nake da ita. Ya zauna yana kallon taga kamar mai jiran bas."

"Haba, Glenys, ai jiya na gyara miki shinge."

"Sau uku ka gyara shi, maigida. Shingen ma ya gaji da kai."

Akwai shekarar da ba za mu manta ba. A hanyar Darwin, gaba da Coober Pedy, inda ba gida ba inuwa, ya tarar da tirelar abokan hamayyarmu a gefen titi, injinta ya buga. Da ya wuce, ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya tsaya. Ya sauke rumfarmu da kujeru da kayan girki, ya bar wa direbansu ajiya, ya cusa motar tserensu guda a wurin. Ranar Lahadi motar nan ita ta doke tamu. Marlene Zammit, mai ƙungiyarmu, ta yi ta faɗa a cikin rana, fuskarta ta yi jajir.

"Ka ɗauko mana wanda zai kayar da mu, ka kuma bar mu ba rumfa! Neville, kanka ɗaya kuwa?"

"Uwar ɗakina," ya ce, "da ni ne a bakin hanyar fa?"

Har yau idan aka tuna mata sai ta yi tsaki, sannan ta yi dariya.

Kai ne, Neville, wanda bai taɓa isa filin tsere a makare ba. Kai ne kake tsayawa bayan kowace awa biyu, ko ana ruwa, ka shiga baya ka taɓa kowace igiyar ɗaurin mota da hannunka. Sarkin ribas, mai shigar da tirela gareji da tazarar tafin hannu a kowane gefe. Mun ga wannan duka, mun kuma ɗauka haka za mu yi ta gani.

Bana hutun mako tara ne. A Talata ta huɗu, ya dawo daga Benalla yana ribas, sai bayan tirela ya ture kwandon shara na roba da ke gefen hagu. Kwando ne kawai, ko tsagewa bai yi ba. Ni da Stavros muna nan, muka fashe da dariya.

"Tsoho, tsufa ya zo!" in ji Stavros. "A kawo maka sanda?"

Neville bai yi dariya ba. Ya sauko, ya mayar da kwandon inda yake, ya koma ya fitar da mota, ya sake shigowa. Ya sake ture shi. Sai muka ga ya zauna a bayan sitiyari, ya rufe idon dama da tafin hannu, yana kallon madubi da na hagu. Ya daɗe a haka. Da ya sauko ya ce mana, a hankali, tsakiyar abin da yake kallo da idon nan ya zama baƙi, gefe-gefe kawai yake gani. Ya ce ya kwan biyu yana zargin madubi.

Nan dariya ta ƙare. Zango uku suka rage a kakar bana, kuma a cikinsu akwai na Bathurst, wanda kowane direban tirela yake wanke motarsa sau biyu saboda shi, domin a jere suke shiga gari, mutane a bakin titi suna ɗaga musu hannu. Sau talatin Neville ya shiga jerin nan. Takardar shaidar lafiyarsa ta tuƙi kuma ba za ta ƙare ba sai Fabrairu, kafin nan ba mai tambayarsa komai.

Stavros ya kama shi a kafaɗa. "Abokina, saurare ni. Mu uku ne a nan, kuma ni ban ga komai ba. Kai ma," ya juyo gare ni, "ba ka ga komai ba. Zango uku ne. Hanyar nan ko ido rufe ka san ta. Ka gama shekararka, mu yi maka biki, ka sauka da mutuncinka."

Da kunya nake faɗin wannan, ni ma na gyaɗa kai. Ba na son in ga wani a kujerar nan.

Neville ya dubi kwandon. "Yau kwando ne, Stav. A kan hanya mace ce da 'ya'yanta a ƙaramar mota, tana gefen haguna. Ita ma in mayar da ita in sake gwadawa?"

Washegari Glenys ta kai shi wurin likitan ido, likita ya tabbatar da abin da ya riga ya sani, ya ce ba ciwon da ake warkewa ba ne. Ranar Alhamis ya shiga ofishin Marlene ya ajiye makulli a kan tebur. Saura mako biyar hutu ya ƙare. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tafiyarsa ta ƙarshe ta riga ta wuce bai sani ba. Ya dawo da mu daga arewa kamar kullum, ya kashe inji, ya ce sai bayan hutu. Ba wanda ya tafa masa, ba wanda ya ɗauki hoto.

Marlene ta ɗauko Noeline Tuckey, mace mai shekara hamsin da ta yi rabin rayuwarta tana jigilar shanu. Mun zaci Neville zai daina zuwa. Sai ga shi kullum shida da rabi, yana nuna mata inda giya ta uku take gardama, da gadar da ake rage gudu a kanta, da gidan man da shayinsu ba ya shayuwa. Ba abin da ya ɓoye mata. Ana saura kwana uku a tashi, Noeline ta ce masa, "Yaya, kujerar gefe ba kowa. Zo mu tafi tare mana. Ba mai hana ka."

Na ga yadda fuskarsa ta yi. Yana so, wallahi yana so, har hannunsa ya kai kan murfin ƙofa. Sai ya janye.

"A'a, ƙanwata. In ina zaune a nan, numfashina za ki riƙa saurare maimakon inji. Duk kwanar da kika sha sai kin dube ni. Motar ba za ta taɓa zama taki ba."

Ranar tafiya gari ya waye da hazo. Aka loda motoci, Noeline ta tayar da inji, gareji ya cika da ƙarar da muka yi mako tara muna kewa. Kowa na murna, ana zolayar juna, ana rige-rigen kujera a bas. Jiranmu ya ƙare. Shi kuwa nasa jiran ya fara ke nan, kuma ba shi da ranar ƙarewa. Neville ne ya buɗe mata babbar ƙofa, ya tsaya a titi ya tare motoci, ya yi mata alama da hannu har bayan tirela ya fita sarai. Da bas ɗinmu ya bi ta, na waiwaya. Yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar titi, ya juya kansa gefe don ya kalle ta da idon da ya rage masa.

Mun gode, Neville. Mun gode da shekara talatin da ɗaya da ka kai mu ka dawo da mu lafiya, mun kuma fi gode maka da ranar da ka ƙi kai mu. Ku kuma da kuke riƙe da sitiyari, ko wuƙar tiyata, ko wani aikin da ran mutane ke hannunku, kun kuma san a zuciyarku ido ko hannu ya fara ba ku kunya, kada ku jira takarda ta ƙare. Ku yi abin da mutumin nan ya yi, tun ba wanda ya tilasta muku.

Allah ya ba ka haƙurin zaman gida, dattijo. Mu muka tafi tsere, kai ka tsaya ka rufe ƙofa a bayanmu.