Hanyar da Ta Ratsa Gonar Kawu Ɗantsoho

Duk direban da ke jigila tsakanin Gagarawa da Gumel ya san Kawu Ɗantsoho, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai gonar riɗi a daidai inda titi ya lotsa.

Ƙasar wurin laka ce zalla. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsattsage, kwaltar ta yi ta nutsewa har ta zama kwari. An zo an auna sau uku, an shafa jan fenti, an ce sai ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke sau shida, shiru kake ji.

Gonar Kawu tana kan ɗan tudu, don haka direbobi suka fara ratsewa ta cikinta. Ya yi shinge da ƙayar magarya, ya zauna da sanda yana masifa. Kawu akwai faɗa, amma na fatar baki ne. Wata Alhamis motar 'yan kasuwar Maigatari ta kafe a kwarin, mata da awaki a ciki, ruwa har gwiwa. Da hannunsa ya janye ƙayar.

"Ku bi ta nan," in ji shi. "Amma kunya biyu rak na ba ku!"

Kunya biyu ta zama biyar, manyan motoci suka mai da ita tara. Matarsa Iya Laure ta kasa haƙuri.

"Malam, gonar gado ce fa. Me za mu ci?"

"Laure, in mota ta kife da mutane a bakin gonata, wane riɗin zan iya ci?"

Ya taɓa kiran gayya don a cike kwarin. Muka yi ta ɗebo ƙasar kududdufin da muke yaɓen gida da ita, muka manta ita ma laka ce. Ruwan farko ta zama taɓo, wurin ya fi da muni. Ni ma na ɗauki kwando ranar, ba ni da bakin yi masa dariya.

Bana masu gyara suka zo da gaske. Injiniyansu, wani mai ladabi da ake kira Habibullah, ya sa aka haƙa tsohon titin, ya murza lakar da yatsa, ya girgiza kai. Ya ce ba za ta riƙe kwalta ba, tudun da motoci suka riga suka daɓe ya fi. Kafin la'asar an kafa turaku ta tsakiyar gonar. Wallahi na ji tausayin Kawu, yana tsaye yana bin su da ido.

Bai yi masifa ba. Ya ce, "Ɗana, ku bar ni in yanke riɗin nan tukuna. Saura kwana ashirin ya nuna."

Habibullah ya duba takardarsa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, a yi haƙuri. Aikin na gaggawa ne, gobe gireda za ta shigo."