Baba Kafinta a Layin Gaba

Baba Kafinta ya tsufa a kan injin yankan katako. Shagonsa rumfar kwano ce a bakin titi, garin katako har idon sawu, da tsohuwar rediyo rataye a ƙusa. Abin da yake ji a cikinta bai wuce waƙoƙin mutum ɗaya ba, wani mawaƙi da ake ce wa Sha'iri, mai tsara baitinsa da kansa ya kuma kaɗa jitarsa da kansa. Baba ya haddace su kaf. Matarsa, kafin ta rasu, takan ce da Sha'iri mace ne da tuni an yi mata kishiya.

Abin da Baba yake ɓoyewa shi ne injin ya cinye masa kunne. Bakin mutane yake kallo ya gane maganarsu, in abin ya kuɓuce masa sai ya ce, "Haka ne, haka ne." Auta yake tsoro, 'yarsa ma'aikaciyar asibiti, wadda ta taɓa rantsuwa cewa ranar da ta tabbatar kunnensa ya taɓu, ranar zai bar injin. Shi kuwa a ganinsa kafinta ba inji gara a ce masa ya kwanta ya jira mutuwa.

Ana nan sai Auta ta zo da albishir. Sha'iri zai yi waƙa a babban ɗakin taro ranar Asabar da la'asar, kuma ta samo musu kujera a layin gaba. Baba ya yi murna har da ƙwalla, don bai taɓa ganin mutumin ido da ido ba. Ya kuma yi wa kansa dabara: tunda ya san kowane baiti, bakin mawaƙin kawai zai kalla ya bi.

Sha'iri ya fito, ashe ɗan tsamurmurin tsoho ne da tabarau, ba ƙaton da Baba ya daɗe yana zanawa a ransa ba. Ya zauna, ya gyara jita, ya jawo makirufo ya manna a bakinsa. Shi ke nan, baki ya ɓace. Baba yana jin dukan kiɗan a ƙirjinsa da wani gunji daga nesa, amma kalma ko ɗaya babu.

Bai karaya ba. Ya kalli yatsun mawaƙin, ya yanke cewa waƙar matafiyi ce, ɗaya daga cikin waɗanda ya haddace, ya ɗaga murya ya kama rerawa da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. Alhali sabuwar waƙa ce Sha'iri yake yi a hankali, ta ta'aziyyar ƙaninsa, ɗakin ya yi tsit. Mutane suka fara waiwaye. Wani na baya ya ce, "Dattijo, a taimaka mana mana."

Auta ta kira shi ta gefe, "Baba." Bai juyo ba. Ta sake kira dab da kunnensa, bai juyo ba. Sai da ta dafa hannunsa ya dube ta, ya ga fuskarta, ya san asiri ya tonu. Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo baya.

Ya ce, "Haka ne, haka ne."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta juya kujerarta ta ba dandamali baya, ta fuskance shi. Duk baitin da Sha'iri ya yi sai ta maimaita da leɓɓanta a hankali, ba sauti. Haka aka gama taron. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana burin ganin Sha'iri, bakin 'yarsa ya yi ta kallo, kuma bai rasa baiti ɗaya ba.

A waje, kafin su tsallaka titi, ya tsaya ya laluba aljihu ya ciro makullin shago ya miƙa mata.

Ta riƙe shi a tafin hannu, ta dube shi sosai don ya ga bakinta. Ta ce, "Injin kawai na ce, Baba. Guduma ai ba ta yi mini laifi ba." Ta mayar masa da makullin cikin aljihu.